OU ko VGC: yadda haramta dabaru ke sauya haɗa tawaga a gasar Pokémon

Wanda zai shiga gasar Pokémon da gaske yana da manyan hanyoyi biyu a gabansa. Ta farko ita ce OU (OverUsed, wato rukunin Pokémon da aka fi amfani da su), tsarin da jama'ar Smogon, wata ƙungiyar masu wasa a intanet, ke tafiyarwa, wanda galibi ake bugawa a Pokémon Showdown, shafin intanet na karawar Pokémon. Ɗaya da ɗaya ake fitowa fili, kowa da Pokémon shida, duka a lebul 100. Ta biyu ita ce VGC (Video Game Championships), tsarin da kamfanin Pokémon da kansa ke shirya gasar duniya a kai tun 2009. A nan biyu da biyu ake karawa, ka zo da shida, ka ga na abokin karawarka, sannan ka zaɓi huɗu, duka a lebul 50. Misalan da ke tafe na zamanin Scarlet da Violet ne, wasannin da suka fito a watan Nuwamba na 2022. Dokoki suna canzawa, don haka kafin ka yi rajistar tawaga ka duba jerin da ke aiki a ranar.

Kafin ka zaɓi Pokémon ko guda, jerin abin da aka haramta za ka fara karantawa. Shi ne zai gaya maka gurabe nawa za ka kashe a kan kariya. A OU doka ta riga ta kawar maka da wasu barazanoni, sai ka sami sararin gina abin da kake so. A VGC kusan babu dabarar da aka hana, saboda haka duk abin da doka ba ta tare ba, tawagarka ce za ta tare shi da kanta.

Dabara ɗaya, hukunci biyu

Last Respects ce ta fi nuna bambancin a fili. Ƙarfinta 50 ne, amma duk lokacin da wani ɗan tawagarka ya faɗi sai ta ƙaru da 50. A OU, inda kake da shida, idan biyar sun faɗi ƙarfinta ya kai 300. Houndstone ne ya fara zuwa da ita, ga shi kuma da baiwar Sand Rush mai ninka masa gudu idan ana guguwar yashi. Dabarar wasan ta zama mai sauƙi ƙwarai: ka bar biyar su yi iya ɓarnar da za su yi, na ƙarshensu ya tayar da yashi, Houndstone ya shigo ya share ragowar. Tun makonnin farko Smogon ta kore shi daga OU. Da Basculegion ya shigo wasan a 2023 da wannan dabarar, sai aka gane ba Houndstone ne matsalar ba. Aka haramta dabarar, aka saki Houndstone, shi kuwa da aka raba shi da ita sai ya gangara ƙananan rukunoni.

A VGC huɗu kawai kake shigowa da su, don haka idan uku sun faɗi ƙarfin ya tsaya a 200, kuma mai ita ya rage shi kaɗai, sau da yawa a gaban abokan gaba biyu. Yana dukan ɗaya, ɗayan na dukansa. Shi ya sa Basculegion ya zama zaɓi mai kyau a tawagar ruwan sama ba tare da ya gagari kowa ba, babu kuma wanda ya ga buƙatar hana shi.

Rage Fist ta bi wata hanyar. Ita ma daga 50 take farawa, tana ƙaruwa da 50 duk lokacin da aka doki mai ita, har zuwa 350. A OU Annihilape aka kora, dabarar aka bar ta, domin Primeape ma yana da ita kuma bai dami kowa ba. Ƙa'idar da ake bi ke nan: idan Pokémon ɗaya ne kaɗai ke ɓarna da dabara, shi ake kora, idan kuwa duk wanda ya riƙe ta sai ya gagara, ita ake hanawa. A VGC mutane suka mai da Rage Fist tushen tawaga. Maushold ya doki abokinsa Annihilape da Beat Up, wadda ke sauka sau huɗu idan duk tawagar na lafiya, nan take ƙarfin Rage Fist ya tashi zuwa 250. Mai haɗa tawagar VGC dole ya tanadi amsar wannan: ko Follow Me da Rage Powder don karkatar da Beat Up ɗin, ko Pokémon nau'in Normal da Rage Fist ba ta taɓawa, ko duka mai nauyi da zai kayar da Annihilape kafin ya motsa.

Barci

A nan bambancin ya fi shafar guraben tawaga. Pokémon da aka sa barci yana rasa zagaye ɗaya zuwa uku. Spore ba ta kuskure, Sleep Powder na samu kashi 75 cikin ɗari, Hypnosis kashi 60. Shekara da shekaru Smogon na da dokar da ta ce ba za ka sa Pokémon biyu na abokin karawa barci a lokaci guda ba. Hakan ya haifar da wata al'ada a haɗa tawaga: ka san tun farko wane ne za ka miƙa ya sha barcin, domin da zarar ya kwanta sauran biyar sun tsira. A watan Janairun 2024 OU ta ajiye wannan dokar, ta haramta dabarun sa barci baki ɗaya, bayan Darkrai da Iron Valiant sun riƙa amfani da Hypnosis suna kwantar da Pokémon ɗaya tilo da zai iya tare su. Idan ta samu an ci wasa, idan ta kuskure an faɗi, wato wasa ya koma caca a kan kashi 60. A ganina hukuncin ya yi daidai, duk da cewa Amoonguss, wanda bai yi laifin komai ba, ya rasa babban dalilin da ake ɗaukarsa.

A VGC babu iyaka ko kaɗan. Amoonguss zai iya kwantar da biyunka ɗaya bayan ɗaya idan ka ba shi dama, kuma wasan da bai cika wuce zagaye goma ba, rasa zagaye biyu babban rashi ne. Amsoshin sanannu ne. Nau'in Grass ba ya jin Spore, haka mai baiwar Overcoat, haka wanda ke riƙe da Safety Goggles. Electric Terrain na hana duk wanda ke taka ƙasa yin barci, Misty Terrain ma haka. Taunt na rufe bakin Amoonguss na zagaye uku. Wasu kuma kan ba babban maharinsu Tera na Grass don wannan kaɗai, wato damar sauya nau'in Pokémon ɗaya a tsakiyar wasa. Abin da za ka riƙe shi ne, tawagar VGC na buƙatar aƙalla amsoshi biyu daga cikin waɗannan, a kan Pokémon daban-daban, domin huɗu za ka shigo da su kuma ba kullum mai amsar zai samu shiga ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a sa Safety Goggles a kan Pokémon ɗaya a ce an gama. Amoonguss zai kyale shi ne kawai ya kwantar da na gefensa.

Miƙa ƙarfi ga wani

Baton Pass na barin Pokémon ya fita ya bar wa mai shigowa duk ƙarin ƙarfin da ya tara. Smogon ta daɗe tana ƙoƙarin rage mata kaifi ba tare da ta hana ta ba. An taƙaita yawan masu riƙe ta a tawaga, daga baya aka hana miƙa gudu tare da wani ƙarin, amma kowace sabuwar ƙa'ida sai masu wasa su sami hanyar zagaye ta. A ƙarshe aka haramta ta gaba ɗaya. Shed Tail ta maimaita labarin a takaice. Mai ita na ba da rabin jininsa, ya kafa Substitute, wata garkuwa mai shan duka a madadinsa, ya fita ya bar wa mai shigowa. Cyclizar kuma na da Regenerator mai mayar masa da kashi ɗaya cikin uku na jininsa duk fita, don haka yakan yi ta fiye da sau ɗaya. An kori Cyclizar, Orthworm ya ɗauki aikin, sai aka hana dabarar a 2023.

Dalilin da ya sa waɗannan ke da haɗari a wasan ɗaya da ɗaya shi ne, zagaye ɗaya na kyauta ya ishi mahari ya ƙara wa kansa ƙarfi da Swords Dance ko Dragon Dance a bayan Substitute, daga nan sai tarewa ta yi wuya. A VGC duka biyun halal ne, kuma ba a cika ganinsu ba. Mutum biyu ne ke kallonka: ɗaya ya fasa Substitute, ɗayan ya doki na bayansa a zagaye guda. Ga Fake Out da ke hana wanda aka doka motsi a wannan zagayen, ga Haze da ke goge duk wani ƙari a fili, wadda mutane suka saba ɗauka saboda Dondozo da Tatsugiri, haɗin da ke ɗaga duk ƙarfin Dondozo hawa biyu lokaci guda.

Sauran haramcin na sa'a ne, ba sa buƙatar dogon bayani. Fissure, Horn Drill, Guillotine da Sheer Cold na kayarwa da bugu ɗaya, samunsu kusan kashi 30. Wanda ya gwada sau biyu yana da kashi 51 na samu, kuma a OU Pokémon mai juriya zai iya gwadawa sau da yawa, shi ya sa aka hana su. Double Team na mayar da dukan da ke samu kashi 100 zuwa kashi 75, Minimize zuwa kashi 60, su ma an hana. A VGC za ka haɗu da Ting-Lu mai Fissure lokaci zuwa lokaci, wata rana zai ci ka da ita, kuma babu gurbin da ya cancanci ka kashe don hana hakan. Hanzarta wasa shi ne maganinta.

Yadda guraben shida ke rabuwa a OU

Tunda doka ta ɗauke barci da Baton Pass da caca, abin da ya rage shi ne yaƙin shiga da fita, kuma tarkunan ƙofa ne ke mulkinsa. Stealth Rock na cire kashi ɗaya cikin takwas na jinin duk mai shigowa, ta ninka ga mai rauni ga Rock, har ta kai rabi ga irin su Moltres. Spikes na cire ɗaya cikin takwas a shimfiɗa ɗaya, ɗaya cikin shida a biyu, ɗaya cikin huɗu a uku. A wasan da za ka yi canji sau ashirin ko talatin, wannan ɓarnar ta fi ta kowane mahari.

Saboda haka gurbi ɗaya na mai shimfiɗa Stealth Rock ne, babu jayayya. Sai ka yanke yadda za ka yi da na abokin karawa, kuma a nan Gholdengo ya dagula lissafi, domin yana toshe dabarun share tarko. Nau'in Ghost ne, Rapid Spin ba ta taɓa shi. Steel ne, Mortal Spin ba ta taɓa shi. Baiwarsa Good as Gold kuma na hana Defog aiki. Wanda ya dogara ga Corviknight kaɗai don share tarko zai sha wahala duk lokacin da ya gamu da shi. Great Tusk ya fi samun nasara domin yana da dukan Ground da ke sa Gholdengo tunani kafin ya shigo, Cinderace kuma na da Court Change mai mayar da tarkon ɓangaren wanda ya shimfiɗa shi. Hanya ta uku ita ce ka sa wa uku ko huɗu daga tawagarka Heavy-Duty Boots ka kyale tarkon a inda yake, abin da OU ta yarda da shi tunda ba ta hana maimaita abin riƙo ba. Raunin wannan hanyar Knock Off ne, domin kowane takalmi da aka fizge ya tafi ke nan har ƙarshen wasa.

Sai kula da gudu: ko mai Choice Scarf da ke ƙara rabin gudunsa, ko mai saurin gaske irin Dragapult da ke kaiwa 421, ko dabarar da ke riga kowa motsi. Sai wanda zai rufe wasa. Kingambit ne misalin da kowa ya sani, kuma ya kamata a lura da shi, domin baiwarsa Supreme Overlord dangin Last Respects ce: kashi 10 na ƙarin ƙarfi ga kowane ɗan tawaga da ya faɗi, har kashi 50. An bar shi a OU, don haka nauyin tare shi na kanka. Idan tawagarka ba ta da amsar Kingambit da ya yi Swords Dance sau ɗaya yana Sucker Punch, kuma amsar da za ta tsaya ko ya canza nau'i da Tera, tawagar ba ta kammala ba. Great Tusk, Zamazenta, Dondozo mai Unaware da ba ya jin ƙarin ƙarfin abokin gaba, ko mai Encore da ke tilasta maimaita dabara ɗaya, biyu daga ciki sun fi ɗaya.

Yadda suke rabuwa a VGC

A nan ba tawaga ɗaya ta shida kake ginawa ba, tawagogi biyu ko uku ne na huɗu-huɗu a cikin shidan. Ka fara da biyun da ke aiki tare, ka tambayi kanka wa ke cin su, sannan ka cika sauran da amsoshi. Dokar da ta fi matse ka ita ce ta abin riƙo: ba a maimaitawa. Focus Sash ɗaya, Assault Vest ɗaya, Sitrus Berry ɗaya. Idan Pokémon biyu a tawagarka ba sa aiki sai da Focus Sash, ɗayansu zai fita.

Protect, wadda ke tare duka na zagaye ɗaya, ita ce dabarar da ta fi kowace muhimmanci, kuma yawancin tawagogi na da ita a kan huɗu ko biyar. Tana ɓata wa abokin karawa zagaye idan ya tara duka biyu a kan mutum ɗaya, tana ƙone lokacin Tailwind mai ninka gudu na zagaye huɗu da Trick Room mai sa marasa gudu su riga motsi na zagaye biyar, tana kuma kare ka daga Fake Out. Yin ta sau biyu a jere na samu ne sau ɗaya cikin uku. Wannan na nufin gurabe uku kawai suka rage wa kowane Pokémon, saboda haka ba za ka iya tara dabarun duka na nau'o'i da yawa kamar a OU ba. Urshifu ya zama abin tsoro ne domin baiwarsa Unseen Fist na ratsa Protect, ga Surging Strikes mai sauka sau uku wadda ba ta damu da Intimidate na Incineroar, baiwar da ke rage ƙarfin duka, ba. Shi da Flutter Mane duk an kore su daga OU, a VGC kuwa a lokutan da doka ta yarda da su kusan kowane wasa za ka gan su.

Dukan da ke samun mutum biyu na sauka da kashi 75 na ƙarfinsa a kan kowanne, kuma Earthquake na haɗawa da abokinka idan ba mai tashi ba ne ko bai yi Protect ba. Stealth Rock kuwa kusan ba ta da amfani, tunda canji kaɗan ake yi.

Rabon makin horo ma ya bambanta. A Scarlet da Violet jimillar wannan makin, da ake kira EV, 510 ce, iyakar kowane fanni 252. A lebul 100 kowane 4 na ba da maki ɗaya. A lebul 50, idan IV ɗin, wato makin da Pokémon ya zo da shi tun asali, 31 ne, 4 na farko ke ba da maki ɗaya, daga nan sai kowane 8. Don haka lambobin da ke da amfani su ne 4, 12, 20, har zuwa 244 da 252, wanda kuma ya sa 8 ko 16 ya zubar da huɗu a banza. Gudu ne ake fara aunawa. Flutter Mane a iyakar gudunsa 205 ne. Urshifu mai ɗabi'ar Adamant na tsayawa a 149, da Choice Scarf ya kai 223, a ƙarƙashin Tailwind 298. Ka zaɓi wanda kake so ka riga, ka tsaya a maki ɗaya sama da shi, ragowar ka zuba a jini da juriya.

Wanne za ka ɗauka

Idan burinka gasa ce ta hukuma, da maki da gayyata zuwa gasar duniya irin wadda aka yi a Yokohama a 2023 da Honolulu a 2024, VGC ce kaɗai hanya. Ka sani za ka buƙaci na'urar wasan da wasan kansa, kuma za ka haɗa tawagarka a cikinsa, ko da yake Showdown na da ɓangaren VGC don atisaye. Ka kuma shirya wa agogo: daƙiƙa 90 na zaɓen huɗu, daƙiƙa 45 ga kowane zagaye. A manyan gasanni ana musayar takardar tawaga, abokin karawa ya ga dabarunka da abin riƙonka da nau'in Tera ɗinka, amma rabon EV da IV na ɓoye, kuma wanda ya ci biyu cikin uku ne ya yi nasara. Tawagar da ta dogara ga ba-zata na cin wasa a tsanin intanet, inda ake hawa matsayi ta hanyar cin wasa, amma a gaban takarda sai ta rushe.

Idan kuwa abin da ke jan ka shi ne dogon lissafi, ka rage jinin abokin gaba kaɗan-kaɗan har hanya ta buɗe wa maharinka a zagaye na arba'in, OU ta fi dacewa da kai. Ba ta buƙatar komai sai burauza, kuma tawaga na haɗuwa cikin 'yan mintuna. Tana da wata fa'idar da VGC ba ta da ita: masu wasa na da baki a dokar. Idan aka sa wani Pokémon a gwaji, duk wanda ya kai matsayin da aka gindaya a tsanin gwajin zai jefa ƙuri'a, kuma sai an sami kashi 60 kafin a kore shi. Farashin wannan shi ne tawagar da ka gina a kan Pokémon ɗaya na iya mutuwa a dare ɗaya. Ga sabon shiga da bai da niyyar tafiya gasa, ni OU zan ba shi shawara ya fara da ita, domin Pokémon ɗaya a kowane ɓangare ya fi sauƙin karantawa, kuma idan ya faɗi zai iya komawa ya ga zagayen da ya yi kuskure.

Mai son ya ga yadda haramta dabaru ke aiki a mafi tsananinsa ya leƙa STABmons, wani tsarin Smogon inda kowane Pokémon ke iya ɗaukar duk dabarar da ta dace da nau'insa. Belly Drum da Shell Smash masu ƙara ƙarfi sosai, da Extreme Speed mai riga motsi, duk na nau'in Normal ne, da an bar su a buɗe da kowane Normal ya haɗa su. Sai aka yi wani matsakaicin hukunci: wanda ya iya dabarar tun asali ya riƙe abarsa, wanda zai aro ta ne aka hana. Wurin na da daɗin gwaji, sai dai ya fi dacewa da wanda ya riga ya san OU, tunda ba za ka gane abin da abokin karawa ya aro ba idan ba ka san abin da yake da shi na asali ba.

Idan ka ƙaura daga ɗaya zuwa ɗaya, kada ka kwashi tawagarka ka tafi da ita. Mai fitowa daga OU yakan iso VGC da Heavy-Duty Boots biyu da doka ba za ta karɓa ba, da Stealth Rock, babu Protect, babu amsar Spore. Mai fitowa daga VGC yakan iso OU da Fake Out da Tailwind da Rage Powder, wadda ba ta yin komai idan babu abokin da za a kare, kuma ba shi da mai share tarko. Abin da zai yi shi ne ya cire Protect daga yawancinsu, ya mayar da guraben ga U-turn ko Volt Switch, masu duka su fita, da dabarar warkewa, ya sake rabon EV da ninkin 4, sannan duk Pokémon da Stealth Rock ke cire wa rabi ya tabbatar adadin jininsa mara ne, domin ya shigo sau biyu ya rage da maki ɗaya maimakon ya faɗi.